Soson Ƙarfe a Salansar Hajiya

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Damina ta huɗu ke nan rabona da gida. Ranar da zan fito na ce wa Iya in kaka ta yi zan dawo, ban dai faɗa mata kakar wace shekara ba. Yau ga ni a ɗakin haya a unguwar Nasarawo, nan Gombe, rana na sama, hannuna fes babu baƙin mai, sai ka ce malamin makaranta. Rabon da in ga farcena fari haka tun ina yaro.

Akwatin kayan aikina yana ofishin ciyaman, an danna masa kwaɗo. Dokar garejinmu ke nan: in aka zargi makaniki da cire wani abu a motar da aka kawo masa gyara, sai a kulle kayansa har a gama bincike. In ta tabbata a kore shi, a aika da sunansa sauran gareji na garin, daga nan ko facin keke ba mai ba shi. Ranar da aka kafa dokar har da ni a masu ɗaga hannu. Na ma fi kowa ɗagawa sama.

Abdulaziz. Na rubuta sunansa sau ɗaya don in ta Allah ta kasance a san wanda nake nufi. Daga yau "mutumin" zan riƙa cewa.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Bari in tsara abin tun zuciya ba ta ƙara masa gishiri ba.

Hajiya Barira ta unguwar Federal Low-Cost tana da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, da ita take shiga gonarta can bayan Kwadon, inda ƙaramar mota ba ta isa da damina. Shekara biyu ni nake taɓa motar. Ƙarshen watan jiya ta kwana biyu a rumfarmu. Na juye baƙin mai, na canza filogi, na sa wa salansa sababbin robobi don tana lilo. Iyakar abin da na yi ke nan.

Ranar Asabar ina kasuwa neman kaya, sai ga Hajiya da ɗanta Nabil sun dawo da motar. Wai ta rasa ƙarfi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana ɗan taɓukawa, amma da ta hangi tudu sai ta koma jakin da aka labta wa buhu uku.

Mutumin ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa tukunyar katalis da sifana. Katalis ɗin nan wani abu ne kamar saƙar zuma, yana cikin tukunyar ƙarfe a tsakiyar salansa, akwai masu sayensa da tsada, shi ya sa ɓarayi ba sa barinsa. Tukunyar ta yi ƙarar gwangwanin da ba komai. Ya fito ya kaɗe wando, gaban Hajiya da ɗanta da mutanen teburin mai shayi ya ce an kwashe na ciki. Hajiya ta tambaya wa ya kwashe.

Onwuka mai sayar da kayan gyara, wanda shagonsa ke kallon rumfarmu, shi ya ba ni labari. Ya ce mutumin bai kama suna ba. Cewa ya yi, "To, Hajiya, ni dai ban taɓa shiga ƙarƙashin motar nan ba sai yau."

Mu biyu ne a rumfar.

Talata, bayan magariba

Mota ɗaya ta kawo mu Gombe. Kwano ɗaya muke sa hannu. Uwarsa da Iya ɗaki ɗaya suke kwana a Funtuwa tun abin da ya tashe mu daga ƙauye, tukunyarsu ɗaya, abin da na aika da abin da ya aika nan suke haɗuwa.

Da ya jira ni minti goma.

Alhamis, 7 ga Agusta, azahar

Akwatina yana ofishin ciyaman.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan saukowa masallaci

Na hango ƙeyarsa sahu biyu gabana. Na tashi na koma waje cikin rana. Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri, ni kuwa ina ta tsara yadda zan same shi. Da na ɗaga hannu addu'a ban roƙi a dawo min da kayana ba, Allah ya gani. Na roƙi a nuna min ranar da zai tsaya gaban mutane bakinsa ya bushe, ya waiwaya ya nemi wanda zai ce "ku dakata" ya rasa.

Mai shayi da ke zuba min tun kafin in zauna, yau sai da ya tambaye ni ko da madara. Shekara uku yana sanin da madara nake sha.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Iya ta kira. Ta ce, "Mi ya samu muryakka?" Na ce mura. Ta tambayi aiki, na ce da godiya. Ta ce in gaida ɗan'uwana, uwarsa na nan kusa tana jin mu, ƙafarta ta ɗan yi sauƙi. Na ce zai ji.

Ba zai ji ba.

Talata, 12 ga Agusta, la'asar

Onwuka ya aiko in zo. Na bi ta bayan shaguna don kada in ratsa gareji. Ya ba ni benci a ciki, tsakanin kwalayen filta, ya miƙo min gyaɗa. Hausarsa ta Gombe ce tsaf, sai dai har yau mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Ya ce Hajiya "ya" bar wa mutumin motar, "ya" ce ya gyara. Mutumin ya ce fil famfo ne, mai tura wa inji mai, ya sayi sabo a nan shagon, ya ɗaura. Aka fita gwaji, aka dawo jiya-iyau.

Na yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ni. Rabona da dariya tun Asabar waccan.

Onwuka ya ce, "Bakatsine, kana murna da asarar tsohuwa?" Na ce ba da asararta nake ba. Ya ce shi dai ya sayar da famfonsa.

Ta ƙofar shagon ina hangen rumfarmu. Motar Alhajin nan mai kaji tana ciki, wanda ko iska ba ya bari a sa wa tayarsa sai ina nan. Mutumin yana kwance a kan tabarmar robata. Tawa, mai ƙonewar salansa a gefe.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan asuba

Wani abu ya hana ni komawa barci, kuma ba shi ba ne wannan karon.

In an kwashe katalis, tukunya ta zama fanko, ai hanya aka buɗe wa hayaƙi. Mota sai ta ƙara ƙara, ta yi wari, ta sha mai, amma ba ta shaƙe ba. Na ga irinsu ba iyaka a garin nan, suna hawa tudu lafiya lau. To me ya kashe wa ta Hajiya ƙarfi? Kowa ya ji "an kwashe" sai ya tsaya nan, har da ni. Kwana da kwanaki ina tunanin mutumin, ban yi tunanin motar ba.

Inji kamar mutum yake. Yana buƙatar ya ci, ya sha iska, ya fitar. Mutumin yana ta ɗura mata abinci.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Abubuwan da na saƙa a makon nan, in rubuta su ko sa bar ni.

In zuba yashi a tankin motar Alhaji mai kaji tana hannunsa. Na fasa, Alhaji bai yi min komai ba, injin ma bai yi min ba.

In kira uwarsa in faɗa mata abin da ta haifa. Iya za ta ji, kuma tukunyarsu ɗaya.

In tare shi a kwarin bayan gareji. Ya fi ni jiki, amma ba wannan ba ne. In na doke shi sai a ce ɓarawo ne kuma ɗan daba.

Duka ba su isa ba. Ni a gaban mutane nake so. A wurin da ya yi min, da masu shayin da komai.

Asabar, 16 ga Agusta, azahar

Mutumin ya wanke nozul masu fesa wa inji mai, ya canza filtar iska, ya cire filogin da na sa ya sa wasu. Onwuka ya ce ko ni in ci gaba da zama a gida, kasuwarsa ta buɗe.

Yau na ratsa gareji, da gangan. Jif ɗin tana tsaye a kunne, bonet a buɗe, ya tura kai ciki. A tsaye tana aiki sumul, ko rawa ba ta yi. Na zagaya baya na tara tafin hannu a bakin salansa. Ya kamata hayaƙi ya riƙa dukan hannuna, bugu-bugu. Abin da na ji kamar numfashin mai barci. Ya ja totur daga gaba, injin ya yi gurnani ya tsaya a wuya, abin da ke fitowa bai ƙaru ba. Can ƙarƙashi kuma wani siririn sauti, tsss, kamar iska na neman ƙofa.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Iro." Na goge hannuna a riga. Ya ce, "An hana ka taɓa mota." Na ce hayaƙi na taɓa, shi ma an kulle shi a ofis? Na wuce.

Ya rame. Na ji daɗi.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na je wurin ciyaman, Baba Isaiah. Tsoho ne Batangale, ya fi shekara talatin a kan manyan motoci, ba ya son magana mai tsawo. Akwatina na nan a kusurwa, an ɗora masa tulin kalanda. Ban kalle shi ba sosai.

Na ce a ba ni motar yini ɗaya, gabansa. Ya sosa gemu. Ya ce doka kayana ta kulle, bai tuna inda ta kulle hannuna ba, amma sai mai mota ta yarda.

Na hau keke napep zuwa Federal Low-Cost. Shekara biyu ina shiga gidan nan har tsakar gida a ba ni ruwa. Yau a bakin get aka tsayar da ni. Ta fito da carbi a hannu, ban duba wuri ba na durƙusa a kan siminti na gaishe ta. Ta bayanta ina hangen buhunan taki jibge a baranda an rufa musu leda. Ta ce masararta ta fara ja, manomanta suna ta waya, ba motar da za ta yarda ta shiga laka da kaya. Ta ce mijinta ne ya bar mata jif ɗin, bai taɓa barin ta a hanya ba.

Na ce, "Hajiya, ban ɗauki komai ba." Ta ce, "Malam Iro, ni yanzu motar ce ta dame ni." Ta ce in je in duba, in na iya.

Ban ji haushinta ba. Ko kuwa na ji kaɗan. Abin da aka faɗa mata ta ɗauka, kuma wanda ya faɗa ɗan ɗakinmu ne, wa zai ƙaryata?

Nabil na zaune a cikin baranda da waya. Da na ce salansa zan sauke, ya ce ai ɓata lokaci ne, an riga an san matsalar. Uwar ta ce ya yi mata shiru.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Onwuka ya ciro sifana sababbi daga kwali ya ba ni, ya ce in na sa musu tabo na saya. Baba Isaiah ya zauna gefena. Mutumin ya tsaya a bakin rumfa ya harɗe hannu.

Muka ɗauki hanyar Bauci, inda take hawa. Da farko ta yi kamar abin arziki. Da injin ya ɗumama sai ta fara. Na taka, ta yi nishi. Na dawo giya ta biyu, na taka har ƙasa, masu acaɓa suna wuce mu suna leƙe. Wani mai keke ya ce ko a tura. Can Baba Isaiah ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasan motar ya ce, "Kai, gasa ni za ka yi?" Daidai ƙarƙashin ƙafarsa tukunyar take. Hayaƙi ya rasa hanya ya tsaya yana dafa ƙarfe.

Na gangara gefe. Muka jira ta huce muna cin dafaffiyar masara. Na shiga ƙarƙashi na sassauta notunan da suka haɗa bututun inji da tukunyar, na bar tsaga kamar faɗin yatsa, yadda hayaƙi zai fita tun bai kai can ba. Na tayar. Ƙarar da ta yi sai da awaki suka watse. Na sa giya, ta zabura ta cinye tudun nan kamar ana bin ta. Baba Isaiah ya riƙe hularsa. Sai da muka kai sama ya ce, "To."

Fetur lafiya, wuta lafiya, iska lafiya. Toshewa ce. Famfon Hajiya na da ma lafiyarsa ƙalau.

Muka dawo, na sauke salansar a ƙofar ofis. Na zura wayar ƙarfe ta bakin tukunyar na baya, ta tokare. Na murɗa na jawo, sai ga zare-zaren ƙarfe baƙi ƙirin. Soson ƙarfe ne, na wanke tukwane. Dabarar masu satar katalis ke nan: in sun yanka tukunya sun kwashe, sai su cusa soso su liƙe, don kada ƙara ta tona su. Wuta ta cinye shi, ya dunƙule da baƙin hayaƙi, ya gangara baya ya toshe wuya.

Na juya tukunyar. A samanta, inda ido ba ya gani sai an sauke, ga layin walda.

Baba Isaiah ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "A rumfarku waye mai walda?"

Kowa a garejin ya san ban taɓa riƙe ta ba. Na ɗauki tsumma na goge hannu. Baba Isaiah ya sa aka shigar da salansar ofis, ya ce Asabar za a yanka gaban kowa.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Alhamdu lillahi. Kafin in isa teburin mai shayi an zuba, da madara.

Magana ta gama gareji. Motar ta kwana biyu a rumfa, mutumin ke da walda, shi ke da mabuɗi na biyu, ga soson ƙarfe rataye a ginshiƙinmu da muke goge kaya. Ya cire ya liƙe, da asiri ya so tonuwa ya yi sauri ya jefa wa ɗan'uwansa. Haka suke faɗa. Ni ban ce komai ba. Ba sai na ce ba. Abin ya zauna daram kamar don shi aka ɗinka.

Alhaji mai kaji ya aiko an ɗauke motarsa. Na ga mutumin ya je sayen ƙosai, mai ƙosai tana ba shi tana kallon wani wuri.

Ka ɗanɗana. Ka ji yadda take.

Alhamis, bayan la'asar

Akwai abin da na gani jiya ban faɗa wa kowa ba. Ba zan rubuta shi yau ba. Yau tawa ce.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan asuba

Ba waldarsa ba ce.

Juma'a, da yamma

Shi da gas yake walda, kuma bahago ne. Layinsa yana tafiya daga dama, siriri, jere kamar kitson amarya. Na tsani in rubuta wannan amma duk Nasarawo ba mai hannunsa. Na kan tukunyar nan waldar lantarki ce, guda-guda kamar kashin kaji. Ga tsatsa ta ci ta, ga jar laka ta bushe a kanta ta gasu, wata ta sake hawa ta gasu. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Tun kafin ruwa ya zauna aka yi shi. Idon Baba Isaiah ya tsufa, kuma magariba ta yi. Gobe in aka yanka, kowa soso zai kalla.

Na je mayar wa Onwuka sifanunsa. Ya duba su ɗaya-ɗaya, ya ce in zauna. Ya leƙa waje. Ya ce ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah wani yaro ya zo shagon nan yana tambayar inda ake sayen katalis, da jif ya zo. Ya ce masa shi ba ya wannan harka. Na ce wane yaro. Ya ce, "Mai waya." Na ce shi ne ka zuba ido mako uku ana kirana ɓarawo? Ya ce, "Iro, kai baƙo ne amma kana da masallaci. Ni shago ɗaya nake da shi da 'ya'ya huɗu. In na kama sunan ɗan Hajiya, wa zai tsaya min?" Ya ce kada in sa shi a ciki gobe.

Na so in zage shi. Na duba, ban sami zagin da ya dace ba. Shi ne ya ba ni benci lokacin da ba mai ba ni.

Da na dawo na tarar da mutumin a ƙofar ɗakina. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya ce, "Iro, wallahi ba ni ba ne. Ka san hannuna." Na buɗe kwaɗo a hankali. Ya ce in aka kore shi ina zai nufa, in tuna da tsofaffin nan.

Na ce, "To, ni dai ban taɓa riƙe walda ba."

Na shiga na rufe. Ya daɗe a tsaye, ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙasan ƙofa. Abin da na roƙa ranar Juma'a waccan ke nan, an ba ni har da gyara. Na zauna in ji daɗinsa. Akwai daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Bai dai kai yadda na zata ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

An taru ƙarƙashin dalbejiyar ofis. Makanikai, masu fenti, masu shayi, har masu wucewa. An kawo wa Hajiya kujera, Nabil na tsaye bayanta. Onwuka bai baro shagonsa ba.

Aka yanka tukunyar. Gaba fanko, baya cunkus da baƙin dunƙule kamar ƙonannen tuwo. Baba Isaiah ya zaƙulo shi da sukundireba ya jefar gaban mutane. Aka yi ta salati. Wani ya ciro soson rumfarmu ya ajiye kusa da shi.

Baba Isaiah ya kira mutumin, ya ce me zai ce. Ya buɗe baki. Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama. Ba wanda ya haɗa ido da shi. Na ƙirga wannan lokacin da kyau, na bar shi ya yi tsawo. Na bar Baba Isaiah ya aika a ɗauko akwatinsa da tukunyar gas ɗinsa. Na bari har aka kawo kwaɗo.

Sannan na tashi. Ban tashi don tausayi ba, a rubuta wannan. Ina so ya girbi abin da ya shuka, ba gonar wani ba. Kuma layin nan ya yi muni da yawa.

Na ɗauki murfin da aka yanke na ce a duba waldar. Na nuna guda-gudan, na nuna tsatsa, na kankare lakar da farce kashi-kashi. Na ce a je a dubo ƙafar bencinmu, mutumin ne ya yi waldarta, a gwada. Wani mai gyaran bodi ya je ya dawo ya ce gaskiya ba hannu ɗaya ba ne. Na ce wannan aikin ya girmi kwanan motar a rumfarmu, ba ni ba ne, ba shi ba ne.

Na juya na kalli mutumin na ce, "Ni sai da na duba kafin in yi magana."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ya sunkuyar da kai. Masu shayin suna nan, sun ji.

Hajiya ta ce, "Malam Iro, tun yaushe ke nan?" Na ce wajen babbar Sallah, ko kafin ta da kaɗan. Carbinta ya tsaya. Ba ta waiwaya ba, amma na bayanta ya sa wayarsa a aljihu. Can ta ce wa Baba Isaiah a bar maganar haka, ita ta janye, a yi haƙuri. Ba ta faɗi wanda zai yi haƙurin ba. Ta ce in sa mata miƙaƙƙen bututu, Litinin taki zai tafi gona. Da za su tafi ta karɓi mabuɗin gida daga hannun ɗanta ta tari keke ita kaɗai.

Baba Isaiah ya buɗe min akwatina da kansa. Mutumin ya zo ya miƙo hannu biyu. Na ce ya ɗauki akwatin ya kai inda ya sa aka ɗauko shi. Ya ɗora a ka, ya ratsa gareji, ina biye.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

Iya ta kira. Ta ce murar ta sake ni. Ta ce in gaida ɗan'uwana. Na ce ta kira shi da kanta, yana da waya.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan magariba

Mutumin ne ya yi waldar bututun, don ba zan kai motar Hajiya wurin mai kashin kaji ba. Ban yi masa magana ba, na nuna da yatsa. Jif ɗin ta tafi da buhu goma sha biyu, direban haya ne a kanta, ba Nabil ba. Ya ce ko a lakar bayan Kwadon ba ta yi tari ba.

Na bar rumfar. Mutumin ya ce shi zai fita, na ce ya zauna, kowace safiya ya ga gurbin akwatina. Na koma gindin bishiyar da ke gefen shagon Onwuka, ya ce kada in zubar masa da baƙin mai a ƙofa. Waɗanda suka ji an ce ɓarawo sun fi waɗanda suka zo ranar Asabar yawa, na sani. Wani ya kawo mota yau ya tsaya a kaina har na gama.

Ga abin da na tsira da shi. Akwati ɗaya, kaya cikakku sai sifana lamba goma, ita dama kullum a ɓace take. Jak ɗaya. Tabarmar roba mai ƙonewa a gefe. Masu kawo gyara uku: Hajiya, Alhaji mai kaji, da wani malamin makaranta na Dawaki da bai ma ji labarin ba. Benci a shagon Onwuka. Tukunya ɗaya a Funtuwa, har yau hannu biyu ke zuba mata. Ɗan'uwa, babu.